Daminar da Muka Musanya Farin Takalmi

Ruwan bana ya sauka da wuri. Tun mutane ba su gama kukan zafi ba hadari ya taso daga wajen duwatsun Bwari, ya yi kwanaki yana yi mana alkawari, sannan ya cika. Yanzu da safe idan na fito zan tafi aiki, nakan tarar da samari da 'yan mata a gefen babban titi suna gudu cikin yayyafi, waya ɗaure a damtse, abin jin waƙa a kunne. Wasu teɓa suke son ragewa. Wasu kuwa daga yadda suke cije leɓe ka san akwai abin da suke nema. Ni dai idona ba ya daɗewa a fuskarsu, ƙafa nake kallo. Na daɗe cikin kaki, amma wannan halin bai bar ni ba, kuma na san daminar da na samo shi.

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina ce. Lokacin muna Karmo, a ciki da falo a bayan kasuwa, ni da Baba da Inna da ƙannena. Baba direba ne a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati a Maitama. Inna tana suyar ƙosai a bakin layinmu. Ni kuwa na gama sakandare na zauna. Na nemi makarantar gaba ban samu ba, na koyi ɗinki ban yi nisa ba, shekaru suna ta wucewa ina niƙa wa Inna wake. Da aka ce za a ɗauki sababbin sojoji har da mata, na duba shekaruna na ga wannan ce ta ƙarshe da za a karɓe ni. In ta wuce, sai dai in ci gaba da kallon kaskon suya.

Inna ba ta so ba. Ta ce ita ba ta haifi 'ya don a riƙa yi mata tsawa a rana ba. Baba kuwa ya tambaye ni ko na san cewa gudu ne abu na farko da za a gwada, wanda bai iso kan lokaci ba ko sunansa ba za a tambaya ba. Na ce na sani. Ya ce to sai in fara.

Abokiyar guduna Rifkatu ce, Bagwariya daga wani ƙauye a bayan Bwari. Tana zaune wajen gwaggonta mai sayar da abinci daura da rumfar Inna, tana wanke kwanuka. Ita ma sojan take so, kuma waje ɗaya za a gwada mu. Ta girme ni a ƙarfi, na girme ta a shekaru. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu, har Inna ta gaji da gyara mata ta ƙyale. Da zarar an idar da sallar asuba zan ji ta ƙwanƙwasa langa-langar ƙofarmu tana cewa, "Kai Hajara, oya, ka fito."

Haka muka tsara rayuwarmu. In tashi tare da Inna mu ɗumama tuwon jiya don sahur, in sha ruwa har cikina ya yi nauyi, in yi salla, in sa dogon wandon ƙanena da 'yar ƙaramar hijabi in cusa ta cikin riga. Mu fita gari bai gama wayewa ba, saboda lokacin ne masu sa ido ba su fito ba. Mukan bi ta bayan kasuwa mu hau hanyar da ta nufi Gwagwa, akwai wani tudu a can mai jar ƙasa, mu hau shi mu gangaro mu dawo. Da farko da tsohon sandal ɗina na makaranta nake yi. Bai yi ƙarko ba. Wata safiya laka ta riƙe shi, na zaro ƙafa na bar rabinsa a ciki.

Baba ne ya kawo magani, ko abin da muka ɗauka magani ne. Yana tuƙa Hajiya, matar ogansa, zuwa kasuwa, zancen 'ya'ya ya taso, ya faɗa mata abin da nake shiri. Da suka koma gida ta sa aka ɗauko masa takalmin 'yarta da ke karatu a waje. Ranar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya shigo hularsa tana ɗiga, rigarsa ta manne a jiki, amma ledar takalmin tana rungume a ƙirjinsa a ƙarƙashin riga, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Ban taɓa riƙe takalmi irinsa ba. Fari ne fat, fatarsa sumul, ƙasansa mai kauri, wuyansa ya haura idon sawu, ga wani zare mai ruwan zinariya a gefe. Maƙwabta suka shigo kallo. Ƙannena suka riƙa shinshina shi. Na zura ƙafa, sai da na danna da ƙarfi dunduniyata ta shiga, babban yatsana ya dafe da gaban takalmin kamar an tura shi bango. Baba yana tsugune a gabana, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ya ce, "Ya yi, Hajo?"

Na ce ya yi. Inna ta ce ai sabon takalmi haka yake, zai saki. Rifkatu ta jujjuya shi da safe ta ce ya fi kama da na masu rawa a talabijin, amma tunda daga Maitama ya fito ai masu shi sun fi mu sani.

Bai saki ba. Abin da ya yi shi ne shan ruwa. Kafin mu kai gindin tudu ya jiƙe ya yi nauyi, kowace ƙafa kamar an ɗaura mata bulo. Hawan tudun da sauƙi. Gangarowa ce azaba, domin kowane taku sai yatsuna sun daki gaba. Wuyansa mai tsawo ya riƙa gurzar agarata. Ga shi ba ya bushewa. In na dawo in wanke shi, in cusa masa tsohuwar jarida in jingina kusa da kurfotin Inna, washegari in same shi da sanyi da wari, in sake zura ƙafa.

Daminar nan ba ta raga wa kowa ba a Karmo. Kananzir ya yi wuya, gawayi kuma jiƙaƙƙe ake sayarwa, sai Inna ta yi ta fifita har idonta ya yi ja kafin ya kama. Rufin kwanonmu yana yoyo a wurare da yawa, duk wata roba da tukunya ta gidan tana da wurin zamanta a tsakar ɗaki, ƙarar ɗigo kowace da irin muryarta. Abu ɗaya da muka huta shi ne sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, na sama muke tara. Wata rana da yamma kwata ta cika ta ɓalle, ruwa ya shigo layi har gwiwa, ya tafi da buhun gawayin Inna da kajin maƙwabta, katangar wani gida ta zube. Washegari kowa ya fito, mai azumi da marar azumi, da shebur da fartanya da tsohon bokiti. Maza suna haƙa, mu muna kwashe laka muna cika buhuna. Gwaggon Rifkatu ta ɗauko nata gawayin ta raba biyu ta aiko wa Inna rabi, ta ce kada masu azumi su rasa ƙosan buɗa-baki saboda ruwa.

Wanda bai yi gudu da azumi ba ba zai gane ba. Yunwa ba ita ce matsala ba, tana zuwa ta tafi. Ƙishirwa ce ke zama. Kina gudu ruwan sama yana zuba a fuskarki, yana gangarowa ta kan leɓenki, maƙogwaronki a bushe kamar bayan tukunya, dole ki datse baki kada ɗigo ya wuce. Da hantsi harshena ya yi kauri. Da azahar in na sunkuya ɗaukar bokitin wake sai in ga taurari. Rifkatu ba ta azumi, amma tun ranar farko ban taɓa ganin ta kai ruwa bakinta a gabana ba. Sai mun rabu ta shige bayan rumfar gwaggonta. Da na ce mata ta sha abinta, ba komai, sai ta ce in ta sha ina kallo ruwan ba zai wuce mata ba.

Da yamma ni ce mai kai wake inji, ni ce mai miƙa ƙosai a takarda, ina tsaye a kan ƙafar da ke bugawa kamar tana da zuciyarta daban. In an kira salla mu sha kunun tsamiya da guntattakin ƙosan da ya rage a matsami. Wani lokacin shi ke nan sai garin kwaki. Ban taɓa cire safa a gaban kowa ba. Faratan manyan yatsuna biyu suka yi baƙi. Bororon dunduniya ya fashe, ya sake tasowa, ya sake fashewa. Ƙwaurina ya fara zogi. Rifkatu ta lura ina ja baya, tudun da a da nake hawa a kafaɗarta yanzu sai ta tsaya a sama tana jirana. Na san da gudun da nake yi yanzu ba zan wuce gwaji ba. Amma duk dare Baba in ya dawo sai ya ɗauki takalmin ya duba, ya goge ɗan taɓon da na bari da gefen rigarsa, ya ce ya gaya wa Hajiya ina ta godiya.

Da goman ƙarshe ta kama, oga da iyalinsa suka tafi Umara, aka kulle motoci, Baba ya zauna gida. Wata safiya na dawo daga gudu na zaga bayan ɗaki, inda muke shanya, na zauna a kan bulo zan cire takalmi. Safar ta manne. Na zuba ruwa na ja a hankali, sai ta fito tare da farcen. Ban yi ƙara ba, na dai sa gefen hijabi a baki na cije. Da na ɗago, Baba yana tsaye da buta a hannu.

Bai yi faɗa ba. Ya ajiye butar ya tsuguna, ya ɗauki ƙafar ya ɗora a gwiwarsa, ya juya ta ya ga dunduniya, ya ɗauki ɗayar ya gani. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun makon farko. Ya kira Inna ta dafa ruwa ta sa gishiri, shi da kansa ya wanke mini, ya aika aka sayo maganin nan mai launin shunayya ya shafa. Da ya gama ya ce babu gudu sai ƙafar ta kame, kuma ba zan ƙara sa wannan takalmin ba.

Sai maganar abin da zan sa ta taso. A gidan babu abin da za a ɗauka a sayi wani. Abu mai daraja ɗaya da muke da shi shi ne farin takalmin kansa, kuma Baba ya ce a kai shi kasuwa a musanya. Inna ta ƙi. Ta ce kyautar manya ba a kai ta kasuwa. Ta tuna masa mai gadin gidan da aka sallama saboda an ga rigar da aka ba shi a jikin wani. Ta ce in Hajiya ta dawo ta ce tana son ganin yarinya cikin takalmin fa? Aikin nan shi ne rufin asirinmu. Baba ya san gaskiya ta faɗa. Duk da haka ya ce, "In sun dawo ni zan gaya mata da bakina. In ta ji haushi, ni za ta ji wa. Amma ƙafar nan ba ta Hajiya ba ce."

Kwanakin da suka biyo baya shi ya yi jinyar takalmin kamar yadda Inna ta yi jinyar ƙafata. Ya wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ya zare igiyoyin ya wanke daban, da rana ta ɗan leƙo sai ya ruga ya ɗora shi a kan kwano, da hadari ya haɗu ya sauke. Ni kuwa ina zaune ƙafa a miƙe, ina jin Rifkatu tana wucewa ta ƙofarmu da asuba ita kaɗai. Abin da ya fi ciwon ciwo ke nan. Na riƙa kwanciya a tabarma ina ɗaga ƙafafu sama, ina danna ƙasa da hannu, don kada jikin ya manta.

Ranar Talata, ranar kasuwar Karmo, Baba ya ce ba za mu je da safe ba, sai bayan la'asar. Ya ce shi da ke wuni yana taka totur ɗin mota ya san ƙafa tana kumbura da yamma, takalmin da ya yi maka da safe zai iya cizon ka da magariba. Kafin mu fita ya tsayar da ni a tsakar ɗaki, ya zaro tsinken tsintsiya ya auna daga dunduniya zuwa yatsa, ya ƙara faɗin babban yatsan hannunsa, ya karya. Ya auna ɗaya ƙafar, sai ga shi ta ɗan fi tsawo, ya jefar da tsinken farko ya karya sabo. Rifkatu ta roƙi gwaggonta ta biyo mu.

Kasuwar ranar laka ce zalla. An shimfiɗa katako da buhuna a tsakanin rumfuna, mutane suna tafiya suna dafa juna. Muka isa layin 'yan gwanjo, wajen wani mutumin Kano da ake kira Malam Sabo, wanda ya baje takalma tsibi guda a kan tamfol. Da Baba ya buɗe ledar, Malam Sabo ya yi ƙoƙarin ɓoye murnarsa amma idonsa ya tona shi. Ya ce in zaɓi duk wanda nake so a tsibin.

Ya fara miƙo mini na mata, masu launin hoda da ruwan goro, siraran baki. Da a ce kafin azumi ne da na ɗauki na farko. Amma yanzu ƙafata ta koya mini karatu, kowane ciwo yana gaya mini abin da zan duba. Inda farce ya fita ya ce in nemi fili a gaba, in iya motsa yatsu. Dunduniya ta ce in nemi wanda zai riƙe ta ba tare da ya gurza ba. Ƙwauri ya ce ƙasan ya zama mai ɗan laushi. Nauyin da na yi ta ja a cikin ruwa ya ce in nemi mai raga-raga a sama, wanda ruwa zai shiga ya fita. Na sa safa mai kauri na riƙa gwadawa ina cirewa. Wanda ya wuce hannuna sai Baba ya karɓa. Ya zura tsinkensa ciki. Ya lanƙwasa shi ya ga ko a wajen yatsu yake lanƙwasuwa ko a tsakiya. Ya murɗa shi kamar wanki. Ya danna bayan dunduniyar da yatsa. Sannan ya kifa shi ya duba ƙasan kamar yadda yake duba taya kafin tafiya mai nisa. Wani mai kyau da na so, ya nuna mini ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya, ya ce mai shi na farko a karkace yake tafiya, in na sa zai koya wa gwiwata karkacewa. Wani kuma Malam Sabo da kansa ya janye, ya ce ya daɗe ɗaure a dilar gwanjo, gam ɗinsa ya mutu, ruwa ɗaya zai raba shi biyu.

Rana ta kusa faɗuwa, bakina ya bushe, Malam Sabo ya fara duba sama, sannan Rifkatu ta tono wani daga can ƙasan tsibin. Launin toka ne, da tabon tawada a gefe, igiya ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya. Mummuna ne, babu wata magana. Na ɗaga shi na ji kamar ban ɗauki komai ba. Na zura ƙafa, sai na ji shiru. Babu inda ya taɓa ciwo.

Malam Sabo ya ce ai na maza ne. Baba ya ce ba aure za a kai shi ba. Ya ɗaure mini igiyar da kansa, ya nuna ƙarshen layin ya ce in ruga can in dawo. Na dube shi, na dubi kasuwar cike da mutane. Ya ce in ina jin kunyar 'yan gwanjo, yaya zan yi da bariki guda? Na tattare hijabi na ruga. Masu kaya suna dariya, wani ya yi ihu wai a tare ɓarauniya, aka ƙara fashewa. Na dawo ina haki, ni ma ina dariya, karo na farko a cikin makonni.

Baba ya nemi a ba mu biyu, ɗaya na Rifkatu. Malam Sabo ya rantse ba zai fita ba, ya ƙara mana safa kawai. Rifkatu ta ce a bar shi, kambas ɗinta lafiya lau. Baba ya sa ta ɗaga ƙafa, ya shafa ƙasan kambas ɗin, sumul kamar tafin hannu, ya ce mata tayarta ta yi sanƙo, ta yi hankali da gangara. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ni a kan dutse aka haife ni. Ba takalmi ma ina gudu."

Yanzu akwai shaguna a cikin gari da za a ɗora ƙafarka a kan na'ura a gaya maka irin takunka. Ƙananan sojojin da ke ƙarƙashina a wajen aiki sukan nuna mini hotuna a waya su tambaye ni wanne ya fi. Nakan ce ban sani ba sai na ga ƙafar a ciki. Hanyar Gwagwa ma an zuba mata kwalta, tudun nan an sare shi an yi gidaje.

Ban fara gudu da sabon takalmin nan take ba. Baba ya ce in yi ta yawo da shi tukuna mu saba da juna, don haka da shi na riƙa zuwa inji, da shi na je idi a ƙarƙashin tsohuwar atamfata, ƙawaye suna ƙunshe dariya. Bayan salla na koma hanya. Numfashina ya ja baya, amma ƙafa ta daina yi mini gardama, kuma yanzu ina iya shan ruwa. A hankali na dawo kafaɗar Rifkatu. Kafin ranar gwaji akwai safiyar da na riga ta kai saman tudu, ta ce rashin barci ne ya sa.

Su oga suka dawo. Baba ya kwana yana juyi, da safe ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi. Muka wuni zuciya a hannu, Inna ko ƙosai ba ta soya da kyau ba. Da yamma ya shigo ya zauna ya cire hula. Ya ce ya jira sai da suka hau titi, ya yi gyaran murya, ya kwashe labari tun daga farko, da farce da gishiri da Malam Sabo. Hajiya tana danna waya a baya. Da ya gama ta ɗago ta ce, "Wane takalmi?" Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Inna ba ta yi dariya ba, ta tashi ta shiga ɗaki ta yi nafila.

Ranar gwaji an kwana ana ruwa. Muka isa barikin da sassafe, fili cike da matasa, kowa yana tsalle a wuri ɗaya don korar sanyi. Aka sallami maza tukuna, sannan aka jera mu. Wani sajan mai usur a wuya ya ce za mu fita ta ƙofar baya, mu bi hanyar jar ƙasa mu gangara rafi, mu haura mu zagayo. In lokaci ya cika za a ja igiya a bakin ƙofa. Wadda ta iso bayan igiya ta wuce gida, kada ta ɓata bakinta da roƙo.

Aka hura usur. Da farko turereniya ce, gwiwar hannu a haƙarƙari, laka tana fallatsa har ido. Tun ba a yi nisa ba na fara tsallake takalman da taɓo ya ƙwace. Wata ta cire nata ta riƙe a hannu, wata ta zauna a gefe tana kuka da ƙafa ɗaya a sama. Nawa yana shan ruwa yana tofarwa, yana kama ƙasa. Rifkatu tana gabana kamar kullum, ina kallon bayan rigarta ina bin takunta.

A gangaren rafi ne. Ƙasar ta yi santsi kamar an shafa mata sabulu. Na ga ƙafafunta biyu sun tafi gaba lokaci ɗaya, ta faɗi ta gefe, gwiwarta ta sauka a kan dutse. Na ji ƙarar. Na rage gudu na miƙa hannu, ta buge shi.

Ta ce, "Kai Hajara, ka tafi. In ka tsaya mu biyu ne mun faɗi."

Na tafi. Na tsallake rafin, na kama hawa. Ƙirjina yana ƙuna, bakina ɗanɗanon ƙarfe, cinyoyina suna cewa ya isa. Na tuna na hau tudun da ya fi wannan da bakin azumi da ƙafa mai jini, na ce wa jikina yau ba shi da hujja. Na daina kallon sama, na riƙa kallon taku na gaba kawai. Da na shawo kwana na hango ƙofa, sojoji biyu sun riga sun riƙe bakin igiyar suna kallon sajan. Ban san inda na samo sauran ƙarfin ba. Na wuce, na faɗi a kan ciyawa, ban daɗe ba na ji usur.

Rifkatu ta iso bayan an ja igiya. Ba tafiya take ba, gudu take, tana jan ƙafa, jini ya gangaro har cikin kambas ɗinta. Ta zo har jikin igiyar ta tsaya. Ba ta roƙi kowa ba. Ta zauna a can waje, ni ina ciki, muna kallon juna ta ƙarƙashin igiya. Na kwance takalmina na zare safa. Laka ce kawai, babu jini. Ta leƙo ta gani, ta gyaɗa kai.

Sauran gwaje-gwajen suka zo na wuce su, aka kira sunana cikin waɗanda za su tafi horo. Inna da ta fi kowa ƙin abin ita ta fi kowa rabon ƙosan sadaka. Rifkatu ta yi kwanaki ba ta iya lanƙwasa gwiwa, ina zuwa ina taya ta wanke kwanuka, ba ma zancen ranar. Daren da zan tafi na ce mata motarmu da sassafe za ta tashi. Ta ce ta ji.

Da safe kowa ya fito rakiya, har gwaggonta, amma ita babu ita. Na yi ta waige har mota ta cika. Raina ya sosu, na ce ko abin ya yi mata nauyi ne. Muka fita daga Karmo cikin yayyafi. Muna hawa hanyar Gwagwa na hango mutum ɗaya a gefen hanya, gwiwa ɗaure da tsumma, tana gudu a hankali tana nufar tudu. Na zuge gilas na ƙwala mata kira. Ba ta juyo ba, ba ta rage gudu ba, hannu kawai ta ɗaga sama har muka wuce.

Da shekara ta zagayo aka sake gwaji, ita ce macen da ta fara isa ƙofar.